Littattafan Badamasi

An turo ni Kaugama da na'ura a jaka,
wai in bi sawun buhun riɗi
daga bakin gona har kuɗi su shiga aljihun mai shi.
A takardar ofis matakai huɗu ne:
a kawo, a auna, a adana, a biya.

Badamasi ya sauko da littattafan ƙungiya,
guda shida, ɗaure da tsumman zani.
Na shekarar ambaliya gara ta yi kalaci da shi,
ta cinye Oktoba kaf, ta bar mana gefen Nuwamba.

Kwana tara ina shigar da layi bayan layi.
Ga Tanimu Marke.
Ga Tanimun Marke.
Ga wani T. Marke da buhu goma sha ɗaya.
Na'ura ta ƙirga mutum uku,
mutumin kuwa ga shi can a gindin tsamiya,
shi kaɗai, yana liƙin tayar kekensa.

Wata ranar kasuwa buhu tamanin
duk an auna su ƙarfe huɗu cif.
Na tambaya, ya yi dariya har da tari:
"Agogon bangon ya tsaya tun bara waccan,
ni kuma sai bayan la'asar nake samun zama."

Da na danna, allo ya zana mini hanya.
Ba huɗu ba.
Sittin da uku,
sun cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta shiga,
wata ta je sito ta dawo sikeli sau biyu,
wata ta ɓace a tsakiya, ba sallama.

Ɗaya ta fara daga biya, sannan awo.
Na ja mata jan layi, na ce kuskuren alƙalami ne.
Ya ɗora yatsa a kai, bai ɗaga ba.
"Wannan Barira ce.
Ɗanta ya faɗo daga amalanke,
riɗinta bai bushe ba,
asibitin Haɗejiya kuwa ba ya jiran rana.
Muka biya.
Bayan sati uku ta kawo, har da ƙarin tiya biyu."

Fom ɗina gurbi uku ke gare shi.
Cikar bayani: na sa saba'in cikin ɗari.
Ingancin lokaci: na sa talatin, hannuna na nauyi.
Sarƙaƙiya: na tsaya.
Cikin sittin da ukun nan,
nawa ne ɓarnar gara, nawa ne matacciyar agogo,
nawa ne Barira?
Mai awo kan kifa mudu ya duba gindinsa
kafin ya zargi hatsi.
Ni mudun nawa daga birni aka ɗauro mini shi.

Da zan tafi na bar masa batir biyu
da akwatin ƙarfe mai murfi.
Ya raka ni bakin titi, ya riƙe ƙofar mota,
ya ce, "To, ita a wane gurbi kika sa ta?"
Direba ya riga ya tayar.