Tukuna

Karyar Nomau na Jiratawa ta ɗau ciki.
Ya ce mini, "Ɗaya naka ne,
ladan buhun takin da ka ranta mini bara."
Ni kuwa sau biyu ana haura katangata,
an kwashe gujiya, an bar mini takalmi wari guda.

Sai na yi azarɓaɓin mai jiran sabon abu,
na nufi Bagalam wurin Arzika baduku,
na ce ya yanko abin wuya
daga fatar jar akuya, mai laushi, wadda ba ta cin wuya.
Ya karɓi jika guda, ya ɗaga basilla, ya dube ni:
"Wane suna zan zana?"
Na buɗe baki, na tarar babu komai ciki.

Kare bai zo duniya ba,
ko kuwa karya ce ba ta zo ba.
Ka ji inda harshenmu ke tuntuɓe:
ko "ya iso" ko "ta iso",
Hausa ba ta shimfiɗa tabarma ta uku.

Da dare, tuwon hatsi na tsakiya,
Cibkau ya ce, "Duna."
Tsahara ta ce, "In fara ce tas fa?
Ni Gimbiya nake so."
Ya ce, "In ƙato ne,
mai murya kamar kamyo a hanyar Ɗan Isa,
ki tsaya ƙofar gida ki ce Gimbiya,
ƴan kabu-kabu su faɗo don dariya?"

Kakarsu Barira ta juya goro a kunci:
"A zamaninmu sunan kare saƙo ne.
Bar-Su. Ido-Naku. Ku-Gaji.
Ku sa Na-San-Ku,
ɓarawon gujiya ya ji, cikinsa ya ɗuri ruwa."
Na ce, "Inna, maƙwabta za su ce da su nake,
ga shi gobe zan je aron tsani."

An kawo Barkono, aka ce yaji ya yi yawa.
An kawo Gulbi, aka ce da rani yana ƙafewa.
An kawo Sa'a, matata ta aje mara:
"Sunan ƙanwata ne, ku kiyaye ni."
Tuwo ya huce. Kowa ya kwanta da nasa.

Kowace safiya kafin lakwal
Tsahara ta ɗauki salulata:
"Baba Nomau, ta haihu?"
Daga can, cikin ƙarar injin ban-ruwa:
"Tukuna."
Talata, tukuna. Alhamis, tukuna.
Arzika ya aiko yaro: suna fa? Tukuna.
Kwana tara kalmar nan na kwana gidanmu,
tana cin abinci tare da mu,
har ranar da Barira ta ce,
"Ai ga shi nan kuna ta kira, kuna nema."

Cibkau ya ɓata rai:
"Ƙarshensa irin na mata ne."
Na ce, "Gida fa? Ruwa fa?
Kawunka Arzika fa, da gemunsa?"
Ya yi shiru yana lissafi da yatsu.

Matata ta ce, "Kai da za ka kira shi ya zo,
sai ya ji ka ce ya dakata."
Na ce, "Da dare ba shi kaɗai zai ji ba.
Mai ƙafa guda bisa katanga ma zai ji."

Bayan sati shida Nomau ya tsaya ƙofar gida,
kwali ɗaure bayan babur da tsohuwar roba.
Abin ciki bai kai tulun yara ba,
ja-ja, da farin tabo a goshi,
yana warin ganyen albasa da laka.
Abin wuyan ya zagaye shi har sau biyu.

Ban ɗaga wutsiya na duba ba.
Na zuba nono a murfin kwano.
Tsahara ta durƙusa, murya ƙasa-ƙasa:
"Baba, namiji ne ko mace?"
Na ce, "Tukuna."

Sai kunne guda ya tashi daga cikin nono.