Taurarin Văn Quan

A garinmu taurari a bishiya suke fitowa.
A hau tudu a tsinko su ɗanyu,
a shanya a tabarma har su yi ja kamar garwashin da ya kwana.
Hồi muke kiran su.
Mai kumburin ciki ya tafasa guda,
ya kurɓa, ya yi gyatsa, ya yi barci.

Kakata Thơm ce mai tantancewa.
Shekara arba'in buhu bai bar rumfarmu ba
sai ta nutsa hannu a ciki har gwiwa.
Ƙirga tsinin, in ji ta.
Na gaskiya takwas ne, masu ƙiba,
kowanne kwalekwale ɗauke da iri guda.
Na dutse kuwa, kama da wane ba ta wane:
sha ɗaya, sha uku, sirara,
baki a lanƙwashe kamar lauje.
Shi ya sandarar da jaririn gidan Lăng,
idanu a sama, hannu a dunƙule,
uwar tana rantsuwa magani ta ba shi.

Amma mai algus ma ya iya lissafi.
Sai ya farfasa na dutsen ya cuɗa da ɓarashi.
Wa zai ƙirga tsinin abin da aka karya?
Nan aikin ido ya ƙare, saura hanci.

Bara zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara.
Ta tashi, ta koma kan kujerarta,
tana murza ɓarashi, tana kai wa hanci,
tana gyaɗa kai kamar kullum.
Sai ran da shinkafa ta ƙone a gefenta
ba ta ko waiwaya ba.

Ban ce uffan ba.
Buhu shida da ta wuce da su
na ɗebi tafi guda a kowanne,
na hau babur zuwa Lạng Sơn,
inda wata mai farar riga take niƙa tauraro
ta ba injin da ba ya mura.
Biyar lafiya. Na shida da baƙo a ciki.

Na kawo takardar, hatimi ja a ƙasanta.
Ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini.
Tun yaushe kika sani?
Tun shinkafa, na ce.

Ta jawo ni, ta murza ɓarashi a tafina.
Rufe ido. Na gaskiya zaƙi ne da ɗumi,
yana sauka a maƙogwaro.
Na dutse yana hawa goshi,
kamar kafur a akwatin tufafin da aka manta.
Tana karanto min ƙamshin da ka,
kamar mai kwatanta gidan da ruwa ya cinye.

Na shaƙa.
Wannan fa? in ji ta.
Ban tabbata ba, Kaka.
To ajiye shi gefe. Ɗauko wani.