Kanumfari a Tabarma

A Pemba, in kaka ta yi, hanci ke riga ido shiga gari.
Tun daga tsakiyar teku matuƙa ke cewa: mun iso.
Ni kuwa duk ran da na shimfiɗa tabarma a bakin hanyar Wete,
na baza ɗanyen kanumfari, kore mai jan baki,
sai kakar kakata ta zo ta tsuguna gefena.

Siwema aka sa mata a kasuwa.
Sunan da uwarta ta raɗa mata
ya faɗi a hanya, tsakanin tafkin Nyasa da Kilwa,
ba wanda ya koma ya tsinto.

Kwana biyar na mai gona ne,
Alhamis da Juma'a na 'yar gonar rogonta.
Takan hau bishiya tun raɓa ba ta bushe ba,
kwando a wuya, cinnaku a cinya,
ta tsinke toho kafin ya buɗe,
don in ya yi fure farashinsa ya karye.
Ita ma haka aka tsinko ta.

Mai gona yana da littafi:
bishiya dubu uku da arba'in,
bayi saba'in da ɗaya, jakuna shida.
Duk a shafi guda.

Ran da reshe ya karye da Mabruki,
wakili ya taho a guje,
ya fara duba kwandon.

Jirage suka kwashe buhuna
zuwa Maskat, zuwa garuruwan da ba ta san sunansu ba.
Can wani tsoho ya danna ƙwaya ɗaya a kogon haƙori, ya sami barci,
aka jefa biyu a shinkafar biki,
kowa na cewa, kai, ƙasar nan da albarka take!
Ƙasa suka yi wa godiya.

An ce har ta koma ga Allah ba ta ɗanɗana shi ba.
In maƙwabta sun tafasa shi a shayi
sai ta zaga bayan ɗaki.

Ni ina sha.
Da kuɗinsa na saya wa Mwajuma takalmin makaranta,
na rufe ɗaki da kwano.
Bishiya tara gare ni, da takarda mai sunana.

Yau kwana huɗu a rana,
ya yi baƙi, ya ƙanƙance kamar 'yan ƙusoshi.
Na ɗebi tafi guda na damƙe
sai da ya soke ni.

Ga hadari can ya taso ta teku.
Tashi, Siwema,
kama min wancan bakin tabarmar.