Wutar da Ba Ta Ƙona Kowa Ba

Biyun dare saura kwata, Farin Gada,
an ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Ni da Dalyop muna lodin kabeji
a motar da za ta Fatakwal,
sanyi na cizon yatsu,
bakinmu na tururi kamar butar mai shayi.

Buhu na arba'in da uku na kafaɗata
sai kasuwa ta yi rana.
Ban ce fitila ba, rana.
Na ga ɗinkin buhu zare-zare,
na ga tabon goshin Dalyop
wanda bai taɓa ba ni labarinsa ba,
ni ma ban taɓa tambaya ba.

Mu 'yan Jos ne.
Hasken tsakar dare ba baƙon arziki ba ne a wurinmu.
Kafin tunani ya iso, ciki ya taɓa ƙasa,
kabeji na gangarawa kwata,
kunne na jiran ƙarar da ke biye.
Wace unguwa ce kuma yau?
Tasu ko tamu?

Shiru.

Na ɗaga kai. Daga wajen duwatsun Shere ta taso,
kanta kore shar kamar wutar mai walda,
jela ja tana zubar da tartsatsi,
ta keta sama kamar almakashi a yadi,
ta rabu uku a kan Naraguta,
ta mutu ba ko tari.

Ɗanliti mai shayi ya ce an jefi shaiɗan ne.
Direba ya ce wani babba ya tafi.
Wani yaro ya zaro waya, ya ɗauki duhu.
Dalyop ya ce kakansa,
wanda ramin kuza ya shanye wa ƙarfi,
yakan ce dutse ne kawai, ya gaji da yawo,
yana neman inda zai kwanta.

Sai a lokacin na ankara
hannunsa na kan ƙeyata.
Ashe shi ya danne ni ƙasa.
Ya janye, ya kakkaɓe wando, ya ce,
"Tanimu, a nawa muka tsaya?"
Na ce arba'in da uku.
Ya ce, "Da biyu dai, wannan ya fashe."

Muka bi duhu muna tsintar kabeji,
muna irin dariyar nan da ke zuwa da rawar gwiwa.
Har aka kira assalatu ina satar kallon sama,
ita kuwa ta tsuke bakinta,
kamar ba ita ba.