Awa Goma Sha Shida

A filin jirgin Ikeja na sauke Barira,
jaka ɗaya, da ƙunshin kilishi
wanda ma'aikaci ya shinshina ya ce a bar shi nan.

Ta ce, "Baba, awa biyar zuwa Addis,
in ɗan jira, sai sha ɗaya zuwa Gwanju."
Na bi gaɓoɓin yatsuna kamar mai tasbihi,
lissafin ko kwana bai cika ba.

Ni da na zo Ikko daga Potiskum
kwana uku na yi a saman tirela,
ƙafafuna na lilo tsakanin ƙahonnin shanu.

Ta shige, ƙofar gilashi ta haɗe.
Na hau danfo zuwa Agege,
cunkoso ya riƙe mu a Mangoro,
kwandasta na zagin wani mai keke,
sai ruri a sama.
Ƙila nata ne.
Kafin in kai gida ta bar ƙasar.

Yanzu lokaci biyu nake riƙe da su.
Ina alwalar Azahar
ita ta idar da Isha'i,
tana hamma a waya.

Kilishin yana nan bisa firji.
Uwarta ta hana kowa taɓawa.