Tambaya ta Huɗu

Ruwa ake yi a Valdivia tun daren Talata,
kwanon rufin ofis na ta surutu shi kaɗai.
Ximena Catrileo ta ɗora kofin shayi kan tarin jarrabawa,
ta buɗe takardar da ta dawo hannunta karo na biyu.

Tambaya bakwai ta aika a watan Afrilu.
Shida sun dawo fes, wanki da guga:
an gyara waƙafi, an ƙara madogara,
jan layin jadawali ya koma shuɗi.
Ta huɗu kuwa, ga abin da ke ƙarƙashinta:
"Muna godiya ga mai bita bisa wannan kyakkyawar lura."
Shi ke nan.
Godiya ta hau kujerar amsa, ta miƙe ƙafa.

Alhali tambayar ba ta da tsawo.
A Janairun shekara ta biyu kun sauya ma'aunin zafi a tafkin,
daga ranar kuma lissafinku ya fara hawa.
Ruwan ne ya ɗumama, ko na'urar?

Ba ta san su ba, haka ƙa'idar take,
ciniki ne ta bayan katanga, murya ba fuska.
Amma ta san irin wannan shirun.
Ta taɓa yin sa tana da shekara ashirin da tara,
kuɗin tallafi saura wata biyu,
'yarta kwance da zazzaɓi.
Wani baƙo ya ɗora yatsa daidai kan gyambon bincikenta,
ta yi masa godiya, ta raɓa ta wuce.
Aka buga.
Har gobe in an ambaci takardar nan a taro
igiyar takalminta take dubawa.

Ta rubuta: "Marubutan sun yi kunnen uwar shegu."
Ta goge.
Ta rubuta: "A karɓa." Yatsanta ya ƙi sauka.

Ta leƙa taga. Can bakin kogi ana naɗe rumfunan kasuwa,
zakunan teku sun jeru suna jiran kawunan kifi,
ba gaggawa, ba fushi, ba kuma niyyar tafiya.

Ta dawo ta zauna.
"Zuwa ga edita.
Shida sun gamsar da ni, na gode musu.
Ta huɗu tana nan inda na ajiye ta, ko ƙurarta ba a kaɗe ba.
In alƙaluman tsohon ma'auni na nan, a jera su kusa da na sabon.
In sun ɓata, a faɗa, shafi na tara akwai fili.
Zan sake karantawa, ko sau nawa ne."

Ta tura.
Shayin ya huce tuni,
ya bar zobe kan takardar wani ɗalibi
wanda shi ma, ta lura, ya tsallake lamba ta uku.