Ban Kai Kabuga Ba

Ƙarfe biyu saura kwata a Kurna.
Janareton Alhaji Sagiru ya yi tari, ya yi shiru,
fanka ta tsaya cak kamar an daka mata tsawa,
ni kuwa idona biyu, ƙyar, kamar na kifi.

Kuɗin haya ya hau ƙirjina ya tanƙwashe ƙafa.
Kusa da shi ga wayar mutane da na ƙona a shago,
mai ita zai zo Laraba, kuma ba ya dariya.
Zuciya sai daka take, turmi ba hatsi.

Na juya dama, na juya hagu,
katifa ta gaji da ni.

Gwaggo Uwani, da ta shekara ashirin
tana aikin dare a asibiti,
ta taɓa ce min: "Nafi'u, barci ba akuya ba ne
da za ka bi shi da igiya.
Tattabara ne. Watsa tsaba, ka kau da kai."

Sai na tashi, na lalubo biro.
A bayan tsohon rasit na rubuta:
haya, Laraba, maganin Inna.
Na ninke, na cusa cikin takalmi.
Ku kwana nan, na ce,
da safe zan taka ku mu fita tare.

Wayata na kife can bakin ƙofa.
Ni mai gyaran ta kowa,
kashe tawa ce ta fi ba ni wuya.

Na tofa addu'a a tafi, na shafa.
Na ja iska ta hanci, ɗaya, biyu, uku, huɗu,
har ciki ya tashi kamar ƙullin waina,
na riƙe kaɗan,
na sake ta a hankali
kamar mai hura wa yaro koko.

Yatsun ƙafa, na dunƙule ku, na sallame ku.
Gwiwa, ki huta. Kafaɗa, sauko daga kunne.
Ashe haƙorana a cije suke tun magariba
ban sani ba.

Daga nan sai na fita yawo ina kwance.
Ƙofar Nasarawa, ba mota ko ɗaya, titi ya huce.
Ɗan'agundi, wani mai shayi yana kife kofuna.
Usur ɗin 'yan sintiri ya dawo min da Laraba,
ban yi kokawa da ita ba,
na ce mata sannu, takalmi na can.
Na'isa. Numfashi.
Gadon Ƙaya, iska mai ƙanshin yayyafi.
Famfo... wace ce ke bin Famfo...

Wani daren nakan zaga badala sau biyu,
in dawo gida ido a bushe.
Amma jiya ladan ne ya tsince ni
wajen Dukawuya,
bakina a buɗe,
ban kai Kabuga ba.